Fiffike na Huɗu

Ni mai walda ne, rumfata na bakin Ƙofar Ƙwaya,
ƙyaure nake yi, da taga, da gadon ƙarfe.
Wata Talata Dakta Barira ta sauko daga jami'a
da takarda a naɗe kamar tabarma,
ta shimfiɗa ta bisa bencina, ta danne da guduma,
ta ce, "Ɗayyabu, iska za mu ɗauka aiki."

Na yi dariya har tabarau ya zame mini.
Iska? Wadda ke cire mini hula a kan babur?
Wadda ba ta da gida balle a kai mata sammaci?
Ta ce, "Lissafi na wurina, hannu na wurinka.
Zo mu gani."

Fiffiken farko na kwano ne.
Ya kwana yana kuka kamar akuyar da aka yaye wa ɗa,
da asuba muka tsinto shi a gonar wake.
Na biyu ya yi nauyi, ya tsaya ƙiƙam,
iska ta zo ta gaishe shi ta wuce.
Na uku, a bar zancen na uku.
Mun dai biya Malam Ilu kuɗin rufin ɗakinsa.

Wata uku Mudansir, ɗalibinta, yana kwana a ƙauyen nan gabas da Rimi,
yana gadin na'ura mai kofi uku,
yana cika littafi da lambobi
masu hawa da sauka kamar farashin gero.

Sai ga Iya Tsahara, ƙwarya a hannu, ƙaiƙayi a gira,
ta dubi sandarmu, ta dubi Dakta.
"'Yan nan, kun kafa abinku inda take hutawa.
Shekara hamsin ina shiƙa a garin nan.
In la'asar ta yi sanyi, ta tsakanin kukar can da dutse take biyowa."
Na zaci Dakta za ta yi murmushin 'yan boko.
Biro ta ciro.
Muka ciccibi sanda, taku saba'in.
Bayan mako biyu lambobin Mudansir
suka ce tsohuwa ta yi gaskiya.

Na huɗu ba ni na yi shi ni kaɗai ba.
Kafinta Gambo ya fafe shi daga maɗaci,
yana shafa shi kamar mai duba doki a kasuwa.
Obinna ya naɗa waya har yatsunsa suka yi kanta.
Ni na zaro boris daga gawar wata Fijo,
na haɗa wuya da kafaɗa.

Ranar ba a yi buki ba.
Ya juya a hankali, ya yi kamar zai fasa,
sannan ya kama.
A ɗakin shan magani firijin rigakafi ya yi tari,
ya soma gurnani.
Ba wanda ya ce uffan sai Gambo da ya ce, "To."

A rahoton Dakta sunaye shida ne a jere,
na Iya ne na biyu.
Da aka karanta mata ta ce,
"Ku dai gyara shi, yana rawa in hadari ya taso."

Yana rawa kuwa.
Asabar za mu sauke shi mu sake duba wuyan.
Har yau iska na cire mini hula a hanya,
sai dai yanzu kafin in bi ta da gudu
nakan tsaya in ga ta ina ta fito.