Littafin Ma'aji a Kasuwar El Alto

Kasuwa ta watse, sanyi ya sauko daga dutsen ƙanƙara,
na ja bargo bisa gwiwa, na buɗe littafin ƙungiya.
Ni ce Fortunata Choque, dankali nake sayarwa.
Suka ce na iya lissafi, suka rataya mini jaka.
Jakar ba ta da nauyi. Littafin ne ke karya kafaɗa.

Shafin dama: yara arba'in, ɗaki ɗaya, murhu ɗaya,
da malama Sabina mai hannu biyu kamar kowa.
Shafin hagu: sittin da uku masu jiran kujera,
wasu cikin kwalin lemo a ƙarƙashin teburin uwa,
wasu a goye tun asuba, ba su san launin ƙasa ba.
Na ashirin da bakwai, Nilo, ya dafa tukunyar miya
uwarsa na ƙirga canji.
Hannun ya warke. Yatsu biyu sun ƙi miƙewa.

Ɗaki na biyu muke so. Ga fili a bayan mahauta.
Amma bulo ba ya jin roƙo, siminti bai san zumunta ba.

Mutumin banki ya zo, takalminsa na ɗaukar ido,
ya ce bashi a shirye yake, ruwansa kaɗan ne.
Na ce, me za mu jinginar? Cokula? Kujerun roba?
Ɗan shekara uku ba ya biya a ƙarshen wata,
ribarsa sai ya yi gemu,
kuma ba a rumfarmu za a ƙirga ta ba.

Masu agaji daga ƙetare sun riƙe mu shekara uku,
suka yi fenti, suka ɗau hoto, suka kafa allo a ƙofa.
Allon yana nan. Albashin Sabina ya bi su jirgi.
Da safe tana koya wa yara ƙirga,
da yamma tana tallar safa a bakin tasha.
Kayan aro, an faɗa, ba ya rufe katara.

Ofishin magajin gari na hau shi sau tara,
gwiwata ta haddace kowace matakala.
Suka ce mu kawo rabi, su cika rabi.
Na ce a rubuta. Na tsaya har aka buga hatimi.

To, ina rabin namu?
A ƙara wa iyaye kuɗi, in ji Remedios mai nama.
Mai nama za ta iya. Mai tallar ashana fa?
Ita za ta fara janye ɗanta, ita ce ta fi bukata.
Aka yi ta ka-ce-na-ce har shayi ya huce.

Sai tsoho Cleto mai ƙusa, wanda bai taɓa haihuwa ba,
ya dogara sanda ya miƙe:
"Kowace rumfa kwandala ɗaya kullum, mai ɗa da marar ɗa.
Kuna biyan mai gadi don kada a sace albasa.
Ni kuwa ina neman masu ɗaukar akwatin gawata."
Ya jefa tasa a gwangwanin madara,
ƙararta ta zaga ɗaki ta dawo.

Ba kowa ya yarda ba. Rumfa ɗari biyu da goma,
tamanin sun kau da kai, sun ce haraji ya ishe su.
Matan layin kifi sun ba da kwasar adashinsu don kwanon rufi,
magina uku sun ba da Lahadinsu.

Na tara, na ɗebe, na sake tarawa:
sha biyu kaɗai za mu iya ɗauka bana.
Sha biyu, bi da bi, yadda aka rubuta suna.
Nilo na ashirin da bakwai.

Biro na hannuna, ba mai gani sai fitila.
Gobe uwarsa za ta gaishe ni a bakin famfo.
Na hura yatsuna, na juya sabon shafi,
na soma lissafin daga farko.