Ginshiƙin Kujama

Mutum shida da igiya suka shigo da shi,
a kwance, kamar majinyaci,
daga Kujama, a bayan motar itace.
Kirya ce, amma gara ta fi ta haƙuri:
ta ci ƙafarsa har gwiwa.

Ni aka damƙa wa.
Ina ɗura magani da allura, rami bayan rami,
ina share ƙasar shuri da gashin zabo.
Wata uku kafin kada ya buɗe ido daga ƙasa,
sai mace da tulu a kafaɗa,
sai zakara, baki buɗe, ba cara.

A kati na rubuta: Gunki. Ba a san masassaƙi ba.

Ran Laraba wata tsohuwa ta zo, jika na riƙe da ita.
Ya karanta mata katin. Ta ja tsaki.
“Wa ya ce ba a sani ba?
Shekwolo ne, kakan babana, bahago.
Dubi saran gizagon, ina ya kwanta?
Kadan nan ya kauce aka haye kogi
shekarar da aka gudo da irin dawa a bakin zani.
Mai tulun uwarsa ce, ita ta nuna inda za a haƙa rijiya.
Ba mu taɓa durƙusa masa ba, ’yar nan.
Karanta shi muke yi.”

Sai ta fito da man kaɗe a gwangwanin tumatir.
Doka ta ce kar a taɓa.
Ni na rubuta dokar, ni na manna ta.
Na juya ina gyara tagar da ba ta ɓaci ba.
Yatsa ɗaya ta shafa a goshin kada,
itacen ya sha, ya yi duhu
kamar fako ya ga ruwan fari.

Can sama akwai taƙi guda, sumul, ba zane.
Na daɗe ina zaton mutuwa ce ta ƙwace gizago.
“A’a,” in ji ta. “Na waɗanda ba a haifa ba ne.”
Jikan ya ɗaga kai, ya jima bai sauke ba.

Na yage katin da yamma.
Maiƙon yana nan har yau.
Da Malam Jatau ya tambaya,
na ce zufa ce, itacen ya farfaɗo.