Jajibiri a Wunti

Motarmu ta mutu a bakin Bauchi ranar Laraba.
Ishaya bakanike ya fito daga ƙarƙashinta yana goge hannu,
ya ce, "Ɗan Damagaram, a nan za ka yi Sallar bana."

Bayan shan ruwa na wanke ƙafa na gangara Wunti.
Tebura sun cinye titi,
fitilun caji na lilo a jikin lemomi,
janareto na tari, teloli sun sunkuya ba mai ɗaga kai.
Mai lalle ta jera 'yan mata a benci,
hannuwa a sama kamar masu roƙon ruwa.
Wani ya goga min turare a wuyan riga ban tambaye shi ba.

A aljihuna akwai tsinken tsintsiya.
Fassuma ta taka ƙasa, uwarta ta auna ta karya,
tsawon ƙafar 'yata ke nan, shekara shida.
Na tsuguna gaban tulin takalma ina gwadawa,
ja ya yi kaɗan, fari ya yi yawa,
sai wani ruwan hoda mai ƙyalli a dunduniya.
Yaro ya ce dubu bakwai.
Na tsaya juya naira zuwa sefa a kan yatsu,
leɓena na motsi kamar mai lazimi.
Na taya biyar, ya ce albarka.
Na juya, ya kamo min riga.

Ƙamshi ya ja ni gun Dudu mai masa,
tanda na ƙara, mai na tsalle.
Masar Bauchi, tun daga Magarya nake jin labarinki,
ashe rabi aka faɗa mini.
Ta zuba huɗu, ta barbaɗa ƙuli da yaji,
ta ji harshena, ta ƙara ta biyar,
ta ce, "Wannan ta baƙo ce."

Ina cikin lasar yatsa wayoyi suka ɗau ruri:
an ga wata!
Kowa ya miƙe da ledarsa,
kowa da ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Ni na koma gindin mota,
na yi matashi da takalman a cikin ledarsu.
Ishaya ya ce sai Litinin kayan gyara za su iso daga Jos.
Tsinken na hannuna, ban yar ba.
Allah ya sa ƙafar ta jira ni.