Milimita Uku

A tashar gyaran jirage ta Ferol
suka kwantar da shi bisa karagar ƙarfe,
jirgin dakon mai ɗan shekara ashirin da shida,
cikinsa wayam kamar rumbun bazara.

Na shiga da fitila a goshi,
na kara na'ura a haƙarƙarinsa
kamar likita mai sauraren tari.
Inda takarda ta ce sha biyar
awo ya tsaya a sha biyu.
Tsatsa ta ci uku, ta lashe baki.

Manaja Baamonde ya kira ni ofis,
ya zuba mini gahawa da hannunsa.
"Injiniya Sabela, milimita uku fa!
Kaurin ƙumba.
Kowace rana a nan kuɗin gida guda ke narkewa.
Tafiya ɗaya tak, sai a gyara."
Ya turo mini biro.

Ƙumba ya ce.
Bai san da ƙumba aka biya kuɗin karatuna ba,
wadda gwaggo Maruxa ke tonowa a yashi
in teku ya ja da baya,
da manjagara, da bokiti, da gwiwa mai ciwo.
Tafiyar nan ɗaya
ta ƙofar ƙauyenta za ta bi, cikin hunturu,
lokacin da igiya ke kai bene uku.

Ina 'yar shekara tara baƙin ya zo gaɓarmu.
Wari ya riga shi isowa.
Maza suka kwashe shi da shebur, da tafin hannu,
aka yi wata huɗu ba a jefa taru ba.
Na tsinci wani tsuntsu, fukafukansa sun manne,
na wanke shi da sabulun kwanoni har dare.
Da safe ya sandare a cikin kwali.
An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.
Wannan bai ja komai ba.

Na mayar masa da bironsa.
Da nawa na rubuta: sha biyu.

Na sani, akwai wata tashar,
wata tutar, wani hannun da ba ya rawa.
Wataƙila jibi a ba wani kujerata.
Lissafi dai ban iya masa ƙarya ba,
teku ma ba ya karanta hatimi.

Da yamma na buga wa gwaggo.
Ta ce ruwa zai janye ƙarfe biyar na asuba,
ta tambaya ko na ci abinci.