Injin da Ya Hana Baƙi Barci

Ban gama lazimi ba Manaja Arzika ya bugo:
"Taho maza, injin kwamin wanka ya haukace,
baƙon ɗaki na shida ya ce a maido mai kuɗinai."
Na ɗaure jakar sifanu a bayan babur,
Nomau ya haye da guntun ƙosai a baki,
muka keta Gesse, Birnin Kebbi ba ta gama miƙa ba.

Ɗakin injin bai fi akurki ba.
Zafi, warin magani, saƙar gizo a kan mita.
Na danna. Ya ɗauka:
ƙaras, ƙaras, gurrr,
kamar mai cin shinkafar da ba a rege ba.

"Boris ne, Oga, mu kwance shi."
Na ce yaro, rufe bakinka, buɗe kunnenka.
Boris in ya mutu guɗa yake yi, siririya, mai tsinka haƙori.
Wannan tari ne.
Na kafa tsinin sukundireba a jikin mota,
na ɗora kunne a kan ƙotar,
yadda babana Tunau ke jingina kunne da gora
a ruwan Argungu, ya ce mana ga inda giwan ruwa ta kwanta.
Motar lafiya lau take numfashi.
Ciwon yana wani wuri.

Muka kashe, muka buɗe kwando.
Ganyen darbejiya dam,
ledar ruwa biyu, matacciyar fara,
ɗan kunne ɗaya wanda mai shi ta daɗe da haƙura.
Muka wanke, muka mayar.
Tarin ya sassauta, bai tafi ba.

Na leƙa ta murfin gilashi.
Kumfa ke zagaye a ciki, tana bin juna.
To, iska yake sha.
Inji a bakin kwami guda, ƙishirwa na cinsa.
Robar murfi ta bushe, na shafe ta da mai.
Bawul a buɗe yake har wuya.
Har yanzu kumfa.

Sai muka kaɗa sabulu a gwangwani,
muka bi bututu da rarrafe, gaɓa bayan gaɓa,
rana ta fara soya mana ƙeya.
Can bayan katanga, a gwiwa ta uku,
kumfar da na shafa ta lume ciki, tsut.
Tsaga ce, ba ta kai kaurin zaren ɗinki ba.
Kusa da ita guntun igiya,
a ƙasa kashin rago, sabo.

Na ɗaga kai. Baba Jatau mai gadi
yana tsaye, carbi ya tsaya masa a yatsa.
Sallah saura kwana tara.
Bai ce komai ba, ni ma ban ce ba.
Na sa ƙafa na ture ƙasa a kai.

Zarto, sabuwar gwiwa, gam mai hawa kai.
Muka zauna jiran ya kama, Nomau na gyangyaɗi.
Na yanko tsohuwar taya na cusa ƙarƙashin ƙafafun injin
don ya daina kaɗa wa siminti ganga.
Bokiti biyu na ɗura masa.
Bismillah.

Manaja ya leƙo: "Kun kunna kuwa? Ban ji komi ba."
Na ce abin da ka kira ni ke nan.
"Mi yat tsage shi?"
Na ce rana ce, ranka ya daɗe, ranar Kabi ba ta barin roba.
Ya dubi guntun da na yanke, ya dubi takardata,
ya zaftare dubu biyu.

Na wanke hannu a bakin kwamin.
Ruwa shuɗi, ana ganin ƙasansa tar,
ko ɗan tarwaɗa babu.
Da Tunau na raye da ya tambaya me ake kiwo a ciki.

A bakin ƙofa Baba Jatau ya danƙa min goro biyu.
Ragon yana can, ɗaure a gindin darbejiya.