Faifan da Muka Naɗa a Jekadafari

A saman shagon mai faci, a Jekadafari,
akwai ɗaki mai taga ɗaya, ita ma mun toshe ta.
Mun manna kwalayen ƙwai a bango,
mun jingina tsohuwar katifa a ƙofa,
a nan muka ce za mu bar duniya.

Su huɗu ne, ni na biyar, mai murɗa maɓallai.
Habila na kaɗa jita a coci ran Lahadi,
sauran kwanaki yana farautar wata murya
da wayoyi shida ba su saba bayarwa ba.
Bappah da fiyanonsa mai giɓi,
Gidado kan ajiye kekensa na haya ya hau ganga,
sai Rifkatu, da ta rantse ba za ta furta kalma ba,
sauti ɗaya za ta ja, har inda numfashi ya ajiye ta.

Wuta sai biyun dare take zuwa,
kamar baƙuwa mai jin kunyar unguwa.
In ta zo ba mai magana.
Habila ya taɓa waya ɗaya,
in kama amon, in mayar masa,
in sake mayar masa, in sake,
har ya zama rijiyar da aka haƙa sama,
guga na tafiya, ba ya taɓa ruwa.

Daren da muka naɗi ta huɗu, aka ɗauke.
Muka tada janareton mai faci,
gurnaninsa ya ratsa katifa ya shiga faifai.
Na kai hannu zan goge,
Gidado ya riƙe ni:
"Bar shi. Wane jirgi ka taɓa gani ba inji?"
Minti goma sha ɗaya ke nan,
man dubu uku da ɗari biyar,
muka wuce Zara ba mu tsaya gaisuwa ba.

Wata bakwai, waƙa bakwai.
Bappah ya sayar da wayarsa a ta shida.
Mun yi faɗa a kan shiru:
ni na ce daƙiƙa biyar ta isa,
Rifkatu ta ce sama ba ta da gaggawa.
Ta ci ni.

Na kai wa wani mai gidan kallo a Bolari.
Ya saurara yana duba agogo,
ya ce, "To, yaushe za a fara?
Ina amshi? Wa zai taka wannan a biki?"
Na naɗe wayata, na ce a gai da gida.

Ran Juma'a na shiga motar Dadin Kowa.
Babana na kan tabarma bayan isha,
mutumin da bai taɓa yarda da kalanda ba,
sai ya ga inda Kaza ta kai 'ya'yanta
kafin ya taɓa iri.
Na sa masa abin ji a kunne
ina jiran ya tambayi kuɗin da na ƙona.

Bai motsa ba.
Sauro ya sauka a gwiwarsa, ya sha, ya tashi.
Ta huɗu ta zo, injin ya yi gurnani,
na ga ya ɗaga kai.

Da ta ƙare ya cire, ya riƙe a tafinsa
kamar ɗan tsakon da aka tsinta.
Ya ce, "Wannan ai na san shi.
In ka kwana a gona kai kaɗai,
wuta ta mutu, kare ya yi barci,
haka sama ke yi a kunne.
Ban san ana iya kamo shi ba."

Sai ya miƙo mini,
ya ce gobe da asuba akwai ban ruwa,
in zan kwana, in nemi takalmin roba.