Kusoshi Bakwai

Ƙarar ba ta fi ta karan dawa ba
in yaro ya taka shi a gona.
Amma na ji ta daga bakin filin folo,
guga a hannuna,
na san Bidi ta gama wasan ranar.

Ta tsaya da ƙafa uku,
ta huɗun a ɗage, tana rawa, ta ƙi ƙasa.
Alhaji Barau ya sauka, ya yar da sanda,
bai dube ta ba.
Wani a bayana ya ce,
doki da karaya, ai sai wuƙa.

Ubana maɗori ne a Unguwar Shanu.
Ya ɗora cinyar direba, ya ɗora hannun magini,
har kaza ya taɓa ɗaure wa kara.
Amma doki? Sai ya girgiza kai:
"Mutum ka ce ya kwanta, ya kwanta.
Wa zai gaya wa dabba wata uku?"

Dakta Rifkatu ba ta yi musu da kowa ba.
Ta naɗe ƙafar, ta ce a kawo mota.
Kawo, Maraban Jos, Jaji,
kowane ramin hanya a ƙirjina ya faɗa,
ina riƙe da ragama, ina yi mata ƙarya a kunne
har Samaru.

Ta ɗaga hoton ƙashin ga fitila.
Tsaga ce, siririya, ta hau kwauri
kamar yadda bango ke yi bayan damina.
Allura ɗaya, goɗiyar da ta ka da maza
ta sulale kamar buhun dusa.
Ni dai ƙofa aka rufe mini.
Na ji kukan injin huda,
irin wanda nake ji a Panteka,
sai dai wannan a cikin Bidi yake ci.
Wuta ta ɗauke, janareta ya karɓa.
Na yi la'asar ban san raka'a nawa ba.

Ashe ba yankan ne abin tsoro ba,
tashin ne.
Igiya a kai, igiya a wutsiya, mu biyar,
ta yunƙura, ta faɗi, ta yunƙura,
Dakta tana cewa a hankali, a hankali,
ban san da wa take ba.
Sai ga ta tsaye, jiƙe da gumi,
tana kallonmu kamar mu muka yi mata laifi.

Sauran kuma jira ne.
Barga taku huɗu, damina guda.
Ta cije ni a kafaɗa, ta fasa kwano biyu.
Na rage mata dawa, na ƙara harawa,
na sa kanwa inda harshenta zai kai.
Kowace asuba in dafa kofaton lafiyayyar ƙafa,
don an ce ita ke ɗaukar bashin 'yar'uwarta,
in ta yi zafi, shi ke nan.

Ran da aka kwance filasta
tsoho ya zo, ɗan ƙanena yana ja masa sanda.
Ya durƙusa, ya bi kwaurin da yatsa,
leɓensa na motsi.
"Bakwai," ya ce. Ya yi shiru.
"Yarinyar nan, karan nata a ciki ta sa."
Ya tofa addu'arsa duk da haka.

Taku goma ranar farko, ashirin bayan mako.
Alhaji ya sayo wata daga Cadi.
Bidi ba za ta koma fili ba, kowa ya sani,
sai dai ran Asabar, in sanda ta bugi ƙwallo,
kunnuwanta ba su sani ba.

Jiya da yamma, ƙuda ya dame ta a ciki.
Ta ɗaga lafiyayyar ƙafa ta buga ƙasa,
nauyinta duka a kan kusoshi bakwai.
Ita ba ta ma lura ba.
Ni ne na ajiye tsintsiya.